Gagara-Rabo

'Ya'yana na Yelwa da Bin Yauri, da na Wara da Shanga, da ku 'yan ƙauyukan bakin tafki,

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa da hantsi, lokacin da jiragen masunta ke dawowa, ya san wajen rabo gardama take tashi. Mutum uku sun ja taru tare, an zube karfasa goma sha biyu a kan yashi, kowa ya ɗauki huɗu ya kama gabansa. Da su huɗu ne, kowa uku. Da su shida ne, bibbiyu. Sha biyu lamba ce mai sauƙin kai, duk inda ka juya ta sai ta bi ka. To, bari kifin ya zama goma sha uku. A raba biyu, ɗaya ya yi saura. A raba uku ko huɗu ko shida, haka. A raba biyar, saura uku. Ƙarshenta sai an sa wuƙa, ko a miƙa wa yaron da ya kwashe ruwan jirgi ya kai wa uwarsa.

Sha uku ba ta yarda da rabo daidai sai iri biyu: mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum goma sha uku kowa ya ɗauki ɗaya. Irin wannan lambar malaminku na lissafi yake kira firam. Ni kuwa tun ina riƙe da alli gagara-rabo nake ce mata, kuma yara sun fi riƙe wannan sunan. Ga na farkonsu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31. Biyu ce kaɗai cika a cikinsu, sauran duk mara ne, ɗaya kuwa masana sun ajiye ta gefe. Duk lambar da ba gagara-rabo ba, da su aka gina ta, kamar ɗaki da tubali. Ku ɗauki 1968, shekarar da aka gama madatsar Kainji, ruwa ya taso ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran da kakannin wasunku suka zauna: 2 sau 2 sau 2 sau 2 sau 3 sau 41 ke nan, kuma babu wata hanyar rushe ta sai wannan. Ita kuwa 1999, shekarar da Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya hau gadon sarautar Yauri bayan ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tubali ɗaya ce, ba ta fasuwa.

Yaya aka yi na san ba ta fasuwa? Nan ne dalilin rubuto muku wannan takarda. Gwadawa na yi.

Wata rana a aji na rubuta 91 a allo, na ce gagara-rabo ce ko kuwa? Yaron da ke zuwa na ɗaya kullum ya dube ta, ya ga ba ta ƙare da cika ba, ba ta ƙare da biyar ba, uku ba ta shiga, sai ya ce gagara-rabo ce. Ajin gaba ɗaya ya amsa masa amo, don wa zai ja da shi? Can baya wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu rabi-rabi ta ce, "Malam, ai tana rabuwa. Innata bakwai-bakwai take kasa albasa. Kashi goma sha uku, casa'in da ɗaya ke nan." Ajin ya yi tsit. Yaron bai rasa ƙwaƙwalwa ba, tsayawa ya yi a biyar, ita kuwa ta taka zuwa bakwai. Sauran talatin da wani abu kuma ko motsawa ba su yi ba, fuskar mai magana suka duba. Wannan hali na ƙarshe shi ne ya fi damuna, kuma na ga dattawa masu furfura da shi.

Gwajin ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Ka bi gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya kana rabawa, har ka kai wadda in an ninka ta da kanta za ta wuce lambar da ke hannunka, sai ka tsaya. Wannan iyakar, Ibnul Banna na Marrakesh a Maroko ya yi bayaninta shekaru wajen 700 da suka wuce. Ga 1999, rabawa 14 ce, daga 2 zuwa 43, kuma kowace tana barin saura. Ku gwada 2021 ku ga abin mamaki: za ta yi ta tsallake muku tarko har ku fara hamma, sai a kan 43 ta faɗi, domin 43 sau 47 ce. Wanda ya gaji a 41 zai tafi gida da amsar ƙarya, yana kuma rantsuwa a kanta.

Yanzu ku zo mu je gindin bishiya wajen 'yan dara. Gurbi talatin suke haƙawa a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Ku sa ƙwayar shinkafa ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, kuna ninkawa. In kun tsaya a gurbi biyu, jimla 3. Gurbi uku, 7. Gurbi biyar, 31. Gurbi bakwai, 127. Kun lura? Yawan gurabun gagara-rabo, jimlar ma gagara-rabo. Idan yawan gurabun yana rabuwa, jimlar ma dole ta rabu, shi ya sa gurbi huɗu ke ba da 15, gurbi shida 63. Zuciya sai ta yi tsalle ta ce an gano sirri: ashe duk gurabu gagara-rabo suna haifar gagara-rabo. To, gurbi goma sha ɗaya yana ba da 2,047, wato 23 sau 89. Kama da wane ba ta wane.

Wannan dangin lambobi ana kiransa da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa. A 1644 ya fitar da jerin gurabun da ya ce suna ba da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Mutum ne mai daraja, manyan masanan Turai na zamaninsa duk suna musayar wasiƙa da shi, saboda haka jerin ya daɗe ana ɗaukarsa da muhimmanci. Na gurbi 31, wato dararmu da ƙarin gurbi ɗaya, jimlarsa 2,147,483,647, kuma Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa lallai ba ta rabuwa. Na 127 ma ya tabbata a 1876 a hannun Édouard Lucas, lamba mai alƙaluma 39, da hannu ya yi aikin, kuma har yau ita ce mafi girman gagara-rabon da aka tabbatar ba da inji ba. Amma Mersenne ya yi kure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda suka cancanci shiga.

Labarin 67 ina son ku riƙe shi. Tun 1876 Lucas ya nuna tana rabuwa, amma ba wanda ya san da me. A watan Oktoban 1903, a taron masana lissafi a New York, aka kira wani malami mai suna Frank Nelson Cole ya gabatar da aikinsa. Yadda ake ba da labarin, bai ce uffan ba. Ya je allo ya lissafa jimlar gurbi 67, ya samu 147,573,952,589,676,412,927. Ya koma ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya ninka su da alli, layi bayan layi, har amsar ta fito daidai da ta farko, ya koma ya zauna. Da aka tambaye shi daga baya, sai ya ce Lahadin shekara uku ya ba aikin. Shekara 259 tsakanin maganar Mersenne da allon Cole. Lambar ba ta ji nauyin malamin coci ba, ba ta kuma yi gaggawa don kowa ba.

Ba Mersenne kaɗai ya yi tuntuɓe ba. Pierre de Fermat, wanda ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, ya duba 3, 5, 17, 257 da 65,537, ya ga duk gagara-rabo ne, sai ya ɗauka ta gabansu a wannan jerin, 4,294,967,297, ita ma haka take. A 1732 Euler ya raba ta da 641, ba saura. Wannan shekarar tana tuna mini da namu. A daidai wannan lokacin wani Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya tafi aikin hajji ya zauna a ƙasashen gabas, yana rubutu da Larabci a kan hanyoyin jera lambobi a hatimi mai gidaje mara, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har gobe. Idan wani ya ce muku lissafi kayan Bature ne, ku tambaye shi ko ya san wannan sunan.

Ba sai ma kun je Katsina ba. Ku zauna kusa da malamin da ake kira rabon gado a unguwarku. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai uku. Miji yana da rabi, su kuma kashi biyu cikin uku. A kan asalin shida, nasa uku, nasu huɗu, jimla bakwai, ta zarce shidan, sai a yi auli a mayar da asalin bakwai. To, kashi huɗu ba ya rabuwa ga kai uku, kuma babu lambar da ke raba huɗu da uku gaba ɗaya, abin da malaman fara'ili ke kira tabayuni. Sai ya ninka bakwai sau uku ya zama 21: miji tara, kowace mace huɗu. Dattijon nan da ke zane da yatsa a ƙasa, ilmin rabuwar lambobi yake yi, kuma ba ya tashi sai ya sake haɗa kason kowa ya ga ya koma 21, don ya san haƙƙin marayu ba a yi masa kintace.

Mu koma kan dara. Lucas ya bar wata dabara, Derrick Lehmer ya gyara ta a 1930, wadda ke gwada dangin Mersenne ba tare da an bi rabawa ɗaya-ɗaya ba. Ku ɗauko takarda mu yi ta a kan 31. A fara da 4. A ninka ta da kanta a cire 2, an sami 14. A ninka 14 da kanta a cire 2, an sami 194. A raba da 31 a riƙe saura, wato 8. A ninka 8 da kanta a cire 2, an sami 62. A raba da 31, babu saura. Taku uku muka yi, wato yawan gurabu, biyar, a cire biyu. Dokar ita ce, in takun ƙarshe ya sauka a kan sifili, lambar gagara-rabo ce, in ya sauka a wani wuri, tana rabuwa. Ga 127 taku biyar ne: 14, 67, 42, 111, 0. Ku bi su da kanku ku gani.

Wannan ɗan wasan da kuka yi yanzu, shi ne dai aka yi wa ƙasaitacciyar lambar da aka gano a watan Oktoban 2024. Gurbi 136,279,841 gare ta. In aka rubuta ta, alƙaluma 41,024,320 ne. Wanda ke rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya yi kwana 475 kafin ya ajiye biro. In kowane alƙalami ya ci rabin santimita, layin zai wuce kilomita 200, ya fi tafkin Kainji tsawo daga kai har gindi. Wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ne ya kamo ta, da dubban kwamfutocin haya da ke warwatse a ƙasashe 17, a ƙarƙashin wani aikin gayya na masu farautar lambobin Mersenne da George Woltman ya kafa a 1996. Ita ce ta 52 da aka sani a danginta.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne kwana goman da suka biyo baya. Ranar 11 ga wata wata kwamfuta a Dublin ta ba da rahoton cewa lambar ta ci gwajin farko, wanda ba ya cewa komai sai "mai yiwuwa". Ganin Dala ba shiga birni ba. Kashegari aka kammala gwajin Lucas da Lehmer a wata na'ura a Texas, taku 136,279,839, ya sauka a kan sifili. Duk da haka ba su buga ganga ba, sai da wasu mutane dabam suka maimaita da na'urori dabam da manhajoji dabam. Ranar 21 ga wata aka sanar wa duniya. Ku gwama wannan da abin da ya faru a 2015, lokacin da kafafen labarai na gida da waje suka yi ta yayata cewa wani malami ɗan ƙasarmu ya warware matsalar Riemann, wadda ta shafi yadda gagara-rabo suka bazu cikin lambobi, har ya ci kyautar dala miliyan ɗaya. Muka yi ta tura wa juna a waya muna alfahari. Cibiyar Clay mai ba da kyautar ta ce matsalar tana nan yadda take, kuma har yau tana nan. Na ji kunyar wannan, kuma kunyar ba ta malamin kaɗai ba ce, har da mu masu turawa.

Ko ba ku da kwamfuta, kuna iya sanin halayen wannan ƙatuwar lamba daga kan tabarma. Ninkin biyu yana ƙarewa da 2, 4, 8, 6, ya sake dawowa 2, 4, 8, 6. A raba 136,279,841 da huɗu, saura ɗaya, wato ta faɗa kan 2. A cire ɗaya, ashe da 1 take ƙarewa. In an raba ta kanta da huɗu, saura uku, kamar 7 da 31 da 127, kuma duk lambar da ke barin uku ba a samunta ta haɗa lambobi biyu da aka ninka da kansu, saɓanin 13 da take 4 da 9, ko 29 da take 4 da 25. Akwai gagara-rabo tagwaye, masu tazarar biyu tsakani, kamar 11 da 13, ko 2027 da 2029 da ke tafe in Allah ya kai mu. Ita wannan ba ta da Husaini a gabanta, domin in ka ƙara biyu a kan 7 ko 31 ko 127 ko ita, uku za ta raba abin da ya fito. A harshen kwamfuta kuwa, mai sifili da ɗaya, babu sifili ko guda a jikinta, ɗaya ce aka jera sau 136,279,841.

Kada ku ce ita ce mafi girma. Ita ce mafi girma da aka kama. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce Yuklid na Iskandariyya ya nuna gagara-rabo ba su da ƙarshe, da hujjar da ɗan aji ɗaya na sakandare zai gane. A ce wani ya kawo jeri ya ce su ke nan duka. Ka ninka su gaba ɗaya ka ƙara ɗaya. Duk wadda ka raba sabuwar lambar da ita daga jerinsa, ɗaya zai yi saura, saboda haka ko dai sabuwar gagara-rabo ce, ko kuma mai raba ta ba ya cikin jerin. Ku kula da wannan "ko kuma", nan ma akwai rami: 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13 a ƙara ɗaya, 30,031 ke nan, kuma 59 sau 509 ce. Ko dangin Mersenne ma ba su da ƙarshe, ko tagwaye ba su da ƙarshe, waɗannan biyun har yanzu ba wanda ya kawo hujja a duniya.

Na san wani zai ce, Baba, wannan zai sa tuwo a kwano? Ƙatuwar dai ba a sayen komai da ita. Amma ƙannenta suna aiki a aljihunku. Ninka 89 da 97 aikin minti ɗaya ne, amma a miƙo maka 8,633 a ce nemo waɗanda suka haife ta, sai ka yi gumi. A kan wannan bambancin masana uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina kwaɗon sirri a 1977, kuma ana amfani da shi a harkar banki da intanet, da gagara-rabo biyu masu alƙaluma wajen 300 kowace. Saƙon WhatsApp ma da wata gagara-rabo mai alƙaluma 77 ake kulle shi. Dillalin kifin da ya karɓi kuɗinsa ta waya daga Onitsha, waɗannan lambobin ne suka yi wa kuɗin rakiya bai sani ba.

Akwai kuma amfanin da ya fi kusa. Masu zuwa da daɗin baki su ce kawo kuɗinka a ninka maka duk wata, ku kai su gindin bishiyar dara. Naira ɗaya in tana ninkuwa duk wata, cikin wata talatin ta wuce biliyan ɗaya. Wace sana'a ce wannan, a tudu ko a ruwa? Na san gidajen da aka sayar da injin jirgi aka zuba a irin wannan rami, alhali lissafin minti biyar a bayan kwalin sigari ya isa ya tsayar da su.

Saboda haka, 'ya'yana, kalkuleta ba haramun ba ce, amma ku fara da hannu kafin ku danna. Amsar da aka turo muku daren jarrabawa, ba ku san inda mai ita ya gaji ya tsaya ba. Idan malami ya yi kure a allo, ku ɗaga hannu da ladabi ku nuna masa, malamin kirki murna zai yi. Ku 'yan mata, kada ku bari a ce muku wannan fage na maza ne: a 1978 wata ɗalibar sakandare a Amurka, Laura Nickel, da ɗan makarantarsu Curt Noll, suna da shekara 18, su suka gano gagara-rabo mafi girma a lokacin, mai gurbi 21,701.

Ga aikin da na bar muku. Gurbi goma sha uku yana ba da 8,191, kuma na ce muku gagara-rabo ce. Kada ku karɓa daga bakina. Rabawa 24 ce, daga 2 zuwa 89, ko taku 11 ta hanyar Lucas ga mai ƙarfin hali. Wanda ya gama ya ba abokinsa takardar ya sake bi, sannan ku kai wa malaminku.